Gadajen Asibiti Na Raguwa, Majinyata Na Ƙaruwa: Yaya Lissafin Yake?

"Assalamu alaikum. Ina karatun tafiyar da harkokin asibiti, kuma na ci karo da alƙaluman da suka ɗaure min kai. An nuna cewa a ƙasashe da dama masu arziki gadajen asibiti sun ragu sosai cikin shekara talatin zuwa arba'in, amma waɗanda ake kwantarwa da waɗanda ake yi wa tiyata sai ƙaruwa suke yi. Ta yaya hakan zai yiwu? Ci gaba ne, ko tsimin kuɗi ne aka yi wa kwalliya? Kuma ta yaya ake sanin gadaje nawa za su wadaci al'umma?"

Wa'alaikumus salam, Malama. Tambayarki uku ce a dunƙule: yadda gado kaɗan ke ɗaukar mutane da yawa, ko raguwar alheri ce ko cuta, da kuma inda ya kamata a tsaya. Alƙaluman da kika gani gaskiya ne. Abin da ke warware su shi ne kwanakin da kowane majinyaci ke yi a kan gado, domin su ne suka ragu fiye da yadda gadajen suka ragu. A ganina, kaso mafi girma na wannan sauyi ci gaban likitanci ne na haƙiƙa. Sai dai a wasu ƙasashe an ci gaba da rage gadaje bayan ribar ta ƙare, kuma majinyata da ma'aikata ne ke ɗanɗana kuɗarsa a yau.

Abin da alƙaluman suka nuna

Ingila ce misalin da aka fi kawowa, saboda hukumar lafiyarta ta NHS ta daɗe tana ƙidaya. A shekarar 1987/88 tana da gadaje kusan 299,000. A 2019/20, dab da ɓarkewar korona, sun koma kusan 141,000, ƙasa da rabi ke nan. A Amurka gadajen sun kai kusan miliyan ɗaya da rabi a 1975, suka sauko zuwa kusan 920,000 a 2019, alhali jama'ar ƙasar ta ƙaru da fiye da mutum miliyan 100 a tsakanin.

Amma kada ki ɗauka haka duniya duka take. Koriya ta Kudu da Chaina sun yi ta ƙara gadaje tun farkon shekarun 2000. Japan da Koriya ta Kudu suna da fiye da gado 12 ga kowane mutum dubu, Jamus kusan 8, matsakaicin ƙasashen OECD, ƙungiyar da yawancin ƙasashenta masu arziki ne, ya ɗan haura 4, Amurka ba ta kai 3 ba, Birtaniya kusan biyu da rabi, Suwidin kuwa wajen 2. Ƙasashe marasa ƙarfi da yawa ba su ma kai gado ɗaya ga mutum dubu ba, kuma su ba ragewa suka yi ba, tun asali ba a taɓa gina isassu ba. Saboda haka labarin raguwar gadaje labari ne na waɗanda suka taɓa samun su da yawa.

Lissafin kwana

Duk wanda ya yi aikin tsara gadaje ya san ba gado ake ƙirgawa ba tukuna, kwana ake fara ƙirgawa. Gado ɗaya yana da kwana 365 a shekara. Idan kowane majinyaci na yin kwana 10, gadon zai ɗauki mutum 36 a shekara. Idan kwanakin suka koma 5, zai ɗauki 73.

Ga misali na ƙirƙira domin ki ga yadda abin ke aiki. Asibiti na kwantar da mutum 20,000 a shekara, kowa na yin kwana 10. Kwana 200,000 ke nan, idan aka raba da 365 ana buƙatar gado 548 a cike kullum. Bayan wasu shekaru majinyata sun ƙaru zuwa 30,000, amma kwanakin sun sauko zuwa 5. Yanzu kwana 150,000 ne, gado 411. Majinyata sun ƙaru da rabi, gadajen da ake buƙata sun ragu da kashi ɗaya cikin huɗu. Amsar tambayarki ta farko ke nan. Ki riƙe wannan asibitin a ranki, zan dawo kansa, domin lissafin yana iya juyawa baya kamar yadda ya tafi gaba.

Me ya gajarta kwanciyar?

Abu na farko da jimillar alƙaluma ke ɓoyewa shi ne, akwai nau'ukan gadaje da suka kusan ɓacewa gaba ɗaya. Kafin tsakiyar ƙarni na 20, mai tarin fuka kan yi watanni ko shekaru a gidajen jinya na musamman, ba a ba shi komai sai hutu da abinci da iska mai kyau. Da aka samu maganin streptomycin a shekarun 1940 da isoniazid a 1952, abin ya sauya. Binciken da aka yi a Madras ta Indiya, wanda aka fitar a 1959, ya nuna mai shan magani a gida yana warkewa daidai da wanda aka kwantar. Daga nan waɗancan gidaje suka yi ta rufewa.

A cikin waɗannan nau'ukan, gadajen masu taɓin hankali su ne babban kaso. A 1955 asibitocin jihohi na Amurka suna tsare da fiye da mutum rabin miliyan. Maganin chlorpromazine, wanda aka fara amfani da shi a Faransa a 1952, ya sa da yawa suka iya zama cikin jama'a, sannan mutane suka fara ƙyamar yadda ake killace bayin Allah shekara da shekaru a bayan katanga. Italiya ta kafa doka a 1978 wadda ta hana kwantar da sababbin majinyata a irin waɗannan manyan asibitoci. A Ingila, daga 1987/88 zuwa 2019/20, gadajen masu taɓin hankali sun ragu da kusan kashi uku cikin huɗu, na masu naƙasar fahimta kuwa kusan babu sauransu, alhali gadajen jinya da tiyata na yau da kullum ba su kai rabi ba wajen raguwa. Ina goyon bayan rufe waɗancan wurare. Abin da ke damuna shi ne kulawar da aka yi alkawarin bayarwa a cikin gari ba ta samu kuɗin da ya kamace ta ba a wurare da yawa, har wasu daga cikin mutanen suka ƙare a kan titi, ko a kurkuku, ko suna safa da marwa a sashen gaggawa.

Na biyu, likitoci sun daina ɗaukar kwanciya a matsayin magani. A da, wanda ya samu bugun zuciya akan kwantar da shi kusan mako shida ba motsi. A 1947 wani likita a Birtaniya, Richard Asher, ya rubuta maƙala kan haɗarin kwanciya a gado: daskarewar jini a jijiyoyin ƙafa, gyambon kwanciya, ciwon huhu, zubewar tsoka, ruɗewar tsofaffi. A 1952 Samuel Levine da Bernard Lown a Boston suka nuna cewa zaunar da masu bugun zuciya a kujera ba ya cutar da su. Yau wanda aka buɗe wa jijiyar zuciyar da ta toshe kan koma gida cikin 'yan kwanaki. Haka ma haihuwa. Mai jego da a da ke yin mako ɗaya ko fiye a asibiti yanzu takan yi kwana ɗaya ko biyu idan komai lafiya, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada zaman ya gaza awa 24.

Na uku, tiyata da magunguna. Cire matsarmama ta ƙananan huda tare da kyamara, wanda aka fara a Jamus a 1985 da Faransa a 1987, ya mayar da jinyar mako guda ta koma ta yini ɗaya ko biyu. Aikin yanar ido, wanda a da ake kwantar da mutum kwanaki an tokare kansa kada ya motsa, yanzu ana yin sa cikin ƙasa da awa ɗaya mutum ya tafi gida. Maganin sa barci na zamani yana sakin jiki da wuri. Gyambon ciki ya taɓa cika ɗakunan tiyata, sai ga maganin cimetidine a 1976, sannan Barry Marshall da Robin Warren suka gano a farkon shekarun 1980 cewa ƙwayar cuta ce ke haddasa mafi yawansa. Aikin da ke cin makonni ya koma ƙwayoyin da ake sha a gida. Wannan ne ya sa aikin asibiti ya ƙaru ba tare da gado ba: miliyoyin waɗanda ake lissafawa an "kwantar" da su, da safe suka zo, da yamma suka tafi.

Na huɗu shi ne kuɗi, kuma zarginki yana da tushe. Matuƙar ana biyan asibiti kan kowane kwana, ba abin da zai sa ya gaggauta sallama. A 1983 shirin inshorar tsofaffi na Amurka, Medicare, ya koma biyan kuɗi tsayayye gwargwadon nau'in cutar, ko kwana uku aka yi ko goma. Nan take kwanakin suka fara sauka, kuma ƙasashe irin su Jamus da Ingila sun bi sahu a farkon shekarun 2000. Masu tsara manufofi kuma sun riƙe abin da wani masani, Milton Roemer, ya lura da shi a wajajen 1960, cewa inda akwai inshora, gadon da aka gina ba ya rasa mai kwanciya. Suka ce to, a rage gadajen, dole a rage kwantarwar da ba ta da dalili. Akwai gaskiya a ciki. Amma wannan hujja ce da ta yi wa ma'aikatun kuɗi daɗi, shi ya sa aka ci gaba da jan ta har inda ba ta kai ba.

Inda abin ya fara cizo

Rage kwana yana da iyaka. Daga 10 zuwa 5 abu ne mai yiwuwa, daga 5 zuwa biyu da rabi kuwa wani zance ne daban. Dalili shi ne, masu sauƙin ciwo sun riga sun bar ɗakunan kwanciya, sun koma masu zuwa su tafi a yini. Waɗanda suka rage a kan gado su ne tsofaffi masu cututtuka uku ko huɗu a haɗe: ciwon suga, zuciya, ƙoda, ga mantuwa. Ɗaki mai gado 30 a yau ya fi ɗaki mai gado 30 na shekarun 1980 nauyi nesa ba kusa ba, domin a wancan lokacin da yawa daga cikin majinyatan murmurewa kawai suke yi, suna iya cin abinci da zuwa bayi da kansu. Ga kuma aikin karɓa da sallama, wanda shi ne mafi cin lokaci, ya ninka. Wannan nauyi ba ya fitowa a jadawalin gadaje, a jikin ma'aikatan jinya yake fitowa.

Mu koma asibitin misalinmu. Idan tsufan jama'a ko jinkirin sallama ya ƙara rabin yini kacal a kan kwana 5 ɗin nan, rabin yini sau 30,000 ya zama kwana 15,000, gado 41 ke nan. Fiye da ɗaki guda ya salwanta ba tare da an ƙara majinyaci ko ɗaya ba.

Sannan akwai batun sarari. Na ce asibitin yana buƙatar gado 411 a cike, amma ba mai hankalin da zai gina 411 daidai. Marasa lafiya ba sa zuwa a jere bisa ƙa'ida, wata rana su yi yawa wata rana su yi kaɗan, ga lokacin sanyi da mura mai tsanani. Wani bincike na jami'ar York ta Ingila da aka wallafa a 1999 ya nuna cewa idan cikar gadaje ta haura kashi 85 cikin 100 a matsakaici, haɗarin a wayi gari babu gado yana fara bayyana, idan ta haura 90 kuwa matsalar takan zama ta yau da gobe. Da ma'aunin 85, asibitinmu na buƙatar gado wajen 484. Ki lura, 85 ba doka ba ce. Ƙaramin sashe, kamar na haihuwa ko na yara ko ɗakin kulawa ta musamman, yana buƙatar sarari fiye da haka, domin ƙarin mutum uku ya isa ya cika shi. Babban sashe mai ayyukan da aka tsara tun tuni yana iya jure cika fiye da haka. A Ingila cikar gadajen jinya da tiyata ta saba haura 90 a 'yan shekarun nan, musamman da hunturu.

Daga abin da na gani a aiki, alƙaluman ma suna rage wa matsalar girma. Yawanci da tsakar dare ake ƙirga gadajen da ke da mutum, lokacin da waɗanda aka sallama sun tafi. Matsin kuwa da hantsi zuwa azahar yake, sa'ad da sababbi sun iso, masu tafiya kuma suna jiran likita ya zagayo, ko takardar sallama, ko magani, ko wanda zai zo ya ɗauke su. A taron gadaje na safe, asibitin da takarda ta ce yana da cikar 92 yakan kasance ba shi da gado ko ɗaya da za a iya bayarwa: wannan na ɗakin mata ne mai jira kuma namiji, wancan an rufe shi saboda cuta mai yaɗuwa, ɗayan ana wanke shi. Sai a fara kai mai ciwon huhu ɗakin masu karaya, inda likitansa ba zai gan shi ba sai ƙarshen zagaye, kwanakinsa su ƙaru. Sai a soke tiyatar da aka tsara. Sai sashen gaggawa ya cika da mutane a kan gadon turawa a baranda, motocin ɗaukar marasa lafiya su yi layi a waje ba su sauke ba. Ƙa'idar Ingila ita ce a gama da kashi 95 na masu zuwa sashen gaggawa cikin awa huɗu, kuma rabon da a cika ta a faɗin ƙasar tun 2015. Jerin masu jiran aikin da aka tsara ya haura miliyan bakwai da rabi a 2023.

Wanda ya ga cunkoso a ƙofar shiga zai ce ƙofar ce ta yi ƙanƙanta. Sau da yawa ƙofar fita ce ta toshe. A hunturun 2022/23, kowace rana akwai fiye da mutum 12,000 a asibitocin Ingila waɗanda likita ya ce sun isa sallama amma ba su tafi ba, fiye da gado ɗaya cikin goma na gadajen jinya da tiyata. Da yawansu tsofaffi ne da ke jiran gurbi a gidan kula da tsofaffi, ko mai zuwa ya taimaka musu a gida, ko wurin gashi da koyon tafiya. Wannan ne ya fi ci min rai, domin tsoho da ya ƙara mako guda a gado ba dalili yana rasa ƙarfin ƙafarsa, ya shigo da ƙafarsa ya fita a keken guragu, buƙatarsa ta kulawa ta ƙaru.

Gado kuma ba ƙarfe da katifa ba ne kawai. Korona ta tabbatar da haka. A Afrilun 2020 aka buɗe asibitin wucin gadi na Nightingale a Landan da shirin ɗaukar har gado 4,000, amma waɗanda aka kwantar a zangon farko ba su kai 60 ba. Cikin dalilan har da cewa ma'aikatan da za su kula da gadajen dole daga asibitocin da suka riga suka cika za a ɗebo su. Gini da na'urori ana samar da su cikin kwanaki, kamar yadda aka gina asibiti mai gado 1,000 a Wuhan ta Chaina cikin kwana goma ko makamancin haka. Ma'aikacin jinya na ɗakin kulawa ta musamman kuwa shekaru ake yi ana horar da shi.

To, gadaje nawa suka isa?

Ba wani adadi guda da ya dace da kowace ƙasa, kuma ki yi hattara da jadawalin da ke jera ƙasashe. Abin da ake kira gadon asibiti ya bambanta. Japan da Koriya ta Kudu suna kula da tsofaffi masu doguwar jinya a cikin asibiti, aikin da a Suwidin ko Denmak gidajen kula da tsofaffi da ma'aikatan ƙananan hukumomi ke yi. Majinyaci a Japan yakan yi fiye da mako biyu a matsakaici ko a sashen jinya na gajeren lokaci. Wasu ƙasashe na ƙirga gadajen asibitoci masu zaman kansu, wasu alƙaluman na gwamnati ne kawai. Ko a ƙasa ɗaya ma hanyar ƙidaya kan sauya, kamar yadda ta sauya a Ingila a 2010/11, don haka layin da kika gani ya miƙe a zane yana iya kasancewa layuka biyu ne aka haɗa. Yawan gadaje kuma ba ya nuna ingancin lafiya kai tsaye. Suwidin mai gado 2 ga mutum dubu ta fi Jamus mai kusan 8 tsawon rai, ko da yake ita ma Suwidin ɗin tana kukan cunkoso.

Idan aka ba ni alƙaluman wani yanki aka ce in faɗi ko gadajensa sun isa, ba na fara duba adadin ga mutum dubu. Ina duba cikar gadaje sashe-sashe, da rana ba da tsakar dare kaɗai ba, kuma a mako mafi tsanani na shekara. Ina duba awoyin da mutum ke yi tsakanin a yanke shawarar kwantar da shi da samun gado, da yawan tiyatar da aka soke a ranar aikin, da majinyatan da ke kwance a ɗakin da ba nasu ba. Sai waɗanda suka isa sallama ba su tafi ba, da waɗanda suka dawo cikin kwana 30 da sallama, domin wannan ne ke nuna ko gajarta kwanciya ta koma kora. Idan waɗannan duka suna hauhawa shekara bayan shekara, an gaza, ko me jadawalin ƙasashe ya ce.

Hanyoyin gyara kuwa ba su da yawa. Ana iya ƙara gadaje, idan akwai ma'aikatan da za su riƙe su. Ana iya buɗe ƙofar fita ta hanyar zuba kuɗi a gidajen murmurewa da kulawar gida, wanda a inda jinkirin sallama ya yi yawa shi nake fifitawa, domin ya fi gadon asibiti araha kuma ya fi wa tsoho amfani. Ana iya raba wurin tiyatar da aka tsara da na gaggawa, yadda cunkoson hunturu ba zai cinye gadajenta ba. Ana iya gyara tafiyar aiki a cikin gida: zagayen likita da wuri, gwaje-gwaje da sallama har a ƙarshen mako. Akwai kuma jinya a gida, inda ma'aikata ke zuwa suna duba mutum, na'urori na aika bugun zuciyarsa da yawan iskar jininsa zuwa asibiti. Tana aiki ga waɗanda aka zaɓa da kyau, amma ita ma ma'aikata take ci, kuma tana ɗora wa iyali nauyin da ba a cika lissafawa ba.

Inda nake taka-tsantsan shi ne alkawarin cewa kulawa a cikin gari za ta rage masu zuwa asibiti, saboda haka a rufe gadaje tun yanzu. Irin waɗannan shirye-shirye sukan amfani majinyata, amma sau da yawa ragin kwantarwar da suke kawowa bai kai abin da aka rubuta a takardar tsari ba, wani lokacin ma sukan tono buƙatun da da ba a san da su ba. Denmak, wadda ta sake fasalin asibitocinta tun daga 2007 ta tattara aikin gaggawa a asibitoci ƙalilan manya, ta haɗa hakan da sababbin gine-gine da ɗora wa ƙananan hukumomi alhakin gashi da kulawar bayan sallama, har da biyan kuɗi idan suka bar wanda ya isa sallama a asibiti. Shawarar da nake ba duk hukumar da ta tambaye ni ita ce a fara gina madadin, a bar shi ya yi aiki har ya ratsa lokacin sanyi ɗaya ko biyu, a ga ɗakin ya fara zama da gadaje babu kowa, sannan a yi maganar rufe shi.